Turancin da Ya Rage a Bakin Baba

Mahaifina, Malam Ashiru tela, ya rasu a ɗakinsa da ke unguwar Utaibiyya a nan Makka, a watan Sha'aban da ya wuce, bayan jinyar da ta ɗauke mu watanni. Masu zuwa gaisuwa da yawa sun riƙa ja na gefe suna tambaya ƙasa-ƙasa, wai gaskiya ne aljani Bature ne ya shige shi? Bakina ya gaji da ba da amsa, shi ya sa na zauna na rubuta. Duk mai tsoho a gida ya daure ya karanta, don irin wannan ciwon ba ya sallama kafin ya shigo.

Sai dai kafin in kai ga ciwon, dole in gabatar da wani mutum da bai taɓa taka Makka ba, bai ma san da mu a duniya ba, amma tun muna yara yake zaune a gidanmu. Wani shahararren ɗan wasan kwaikwayo ne na Ingila. Baba ba ya kiran sunansa, "Mutumina" yake ce masa, mu ma muka taso muna cewa Mutumin Baba.

Lokacin da Baba yake saurayi a makarantar horon malamai a Zariya, wasu 'yan wasa suka zo daga Ingila suna zagaya makarantu. Suka nemi ɗalibi dogo da zai riƙe fitila a gefen dandamali, aka nuna Baba. A nan ya tsaya dab da wannan Bature, wanda a lokacin shi ma matashi ne, ya ji yadda murya ke kaiwa ƙarshen zaure ba tare da lasifika ba. Da aka tashi, mutumin ya ba shi hannu, ya dafa masa ciki ya nuna masa cewa daga nan magana take tasowa, ba daga maƙogwaro ba. Shi ke nan fa, Baba ya kamu. Ya so ya zama ɗan wasa, Allah bai nufa ba. Ya rako mahaifinsa aikin Hajji, tsohon ya rasu a nan, shi kuma ya zauna ya kama keken ɗinki.

Amma bai saki Mutuminsa ba. Ta rediyo, ta kaset ɗin da alhazai ke kawo masa, daga baya ta waya, ya bi rayuwarsa kamar ta ɗan'uwa. Ya san cewa ɗan mai haƙar kwal ne, ya fara da sharar gidan wasa kafin a ba shi abin faɗa. Ya san lokacin da ya shiga fim duniya ta san shi, da lokacin da giya ta kusa kai shi ƙasa, da yadda ya yi ta maza ya daina. Ranar da matar mutumin ta mutu Baba bai ci abincin rana ba. Ranar da ƙasarsu ta ba shi lambar girma kuwa, sai da ya sayo mana kaza. Idan yana ɗinki shi kaɗai, dogayen jawaban mutumin yake karantawa da ka, keke na tafiya murya na tafiya. Da zarar mai kaya ya leƙo sai ya koma salati. A unguwa ba wanda ya san wannan, don ba abin da dattijo zai faɗa da alfahari ba ne a Makka. Ni da ƙanena Faisal ne kawai muka sani, sai mahaifiyarmu da ta riga shi.

Ni ce Hindatu, babbar 'yarsa, ni ke zaune da shi tun da aurena ya mutu. Faisal direba ne, yana jigilar masu Umara tsakanin Makka da Madina. A nan aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce.

Ciwon ya yi mana gargaɗi, mu ne ba mu gane ba. Baba yana da hawan jini, kuma ya ajiye maganinsa da kansa, wai ya ji sauƙi. Ya yi makonni yana kukan ciwon ƙeya. Sau biyu allura ta faɗi daga hannunsa ya kasa ɗauka, ya ce tsufa ne. Na yi masa faɗa, ya ce in bar shi, ni ba likita ba ce.

Wata safiya muna karyawa, kofin shayi ya suɓuce masa. Na ɗago na ga gefen bakinsa na dama ya ɗan sauka. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya dube ni, ya buɗe baki zai amsa, sai ga Turanci, da wata babbar murya da ta cika ɗakin. Na san jawabin, na sha jin sa ta bayan labulen shago. Amma idanunsa ba na mai wasa ba ne. Idanun mutum ne da ke neman cewa "taimake ni" wani abu dabam yana fitowa. Faisal yana Madina, saboda haka na kira Gwaggo Asabe, yayar Baba, da ke zaune a unguwar Tandabawi.

Gwaggo mace ce da in ta yi magana ba a maimaitawa. Ta iso da mata biyu na layinsu, ta tsaya a bakin ƙofa ta saurara, ta ja da baya tana ta'awizi.

"Wannan ba Ashiru ke magana ba," in ji ta. "Ni na goya yaron nan. Wannan muryar ta wani ce."

Na ce, "Gwaggo, wasan kwaikwayo ne da ya haddace tun yana saurayi."

"Wasan me? Ashiru? To ai kin faɗi ƙofar da suka shigo ta ciki. Bature ne, kuma irinsu taurin kai gare su."

Na kawo maganar asibiti, sai ɗaya daga cikin matan ta tuna mini cewa iƙamar Baba, wato takardarsa ta izinin zama, ta ƙare tun da kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya rasu, ba a gama mayar da shi hannun wani ba. Duk wanda ya zauna a nan ya san tsoron kamu da ke cikin wannan kalma. Aka kira mai ruƙiyya. Bawan Allah ya zo ya duƙa a kunnen Baba yana karatu da ƙarfi, Baba yana mayar masa da Turanci da ƙarfin da ya fi nasa. Malam ya share gumi ya ce lallai wannan babba ne. Aka turara ɗaki, aka riƙa ɗura masa zamzam da rubutu, yana ƙwarewa yana tari, ana cewa aljanin ne ke ƙi. Ba na ƙin ruƙiyya, har gobe ina yi wa kaina. Amma da an yi ta a cikin mota ana tafiya asibiti, da ba ta hana komai ba.

Haka muka kwana muka sake kwana. Da Faisal ya dawo, kallo ɗaya ya yi masa ya ɗora hannu a ka. "Jalɗa ce! Wallahi jalɗa ce, na gan ta a jikin wani alhaji. Esh kuke jira? Yalla, mustashfa!" Jalɗa ita ce abin da muke kira shanyewar ɓarin jiki, mustashfa kuma asibiti. Gwaggo ta buɗe baki, ya ce mata, "Ma'alesh ya Gwaggo, in kamu ne a kama ni ni." Lungunmu mota ba ta shiga, a bayansa ya goyo Baba har titi.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, a sashen gaggawa ba wanda ya tsaya tambayar takarda kafin a duba shi. Tsoron da ya zaunar da mu a gida, a ranar dai, na banza ne. Likitan ɗan Sudan ne, mai furfura. Ya tambayi yaushe abin ya fara. Da na ce shekaranjiya, sai ya cire gilashinsa ya murza ido. Maganarsa ba za ta taɓa fita daga kaina ba: "Ya binti, akwai allurar da ke narkar da jinin da ya toshe, amma a sa'o'in farko take aiki. Wannan ƙofar ta rufe." Ya ƙara da cewa ruwan da aka yi ta ɗura masa ya bi ta huhu, don mai wannan ciwo haɗiya ma tana shanyewa. Na tambaye shi batun Turancin. Ya ce wurin da ke haɗa sabuwar magana ne ya lalace, abin da aka daɗe da haddacewa kan tsira.

Satin farko zazzaɓin huhu ne ya sha kanmu. Aka sa masa roba ta hanci, ta nan ake ba shi abinci. Sati na gaba aka fara wahalar takardu, wannan taga ta tura ka waccan, waccan ta ce mai sa hannu ya tafi salla, ka dawo gobe. Akwai wani ma'aikaci da bai taɓa ɗago kai ya dube ni ba duk zuwan da na yi, na bar shi da Allah. Akwai kuma wata nas 'yar Indiya da ta koya mini yadda ake juya marar lafiya ba tare da na karya bayana ba, ita kuma Allah ya saka mata. Magani da gadon asibiti na gida suka cinye awarwarona da na gada. Telolin layinsu Baba suka raba ɗinkunan da ya bari a tsakaninsu suka ƙarasa, suka kawo mana abin da aka biya ba tare da sun taɓa ko sisi ba.

Da aka sallame mu, likita ya ja ni da Faisal gefe ya ce zuciyar Baba ta yi rauni, kuma ciwon yana iya dawowa. Ya ce mu kula da shi, mu kuma shirya.

Jinyar gida ita ce jinya. Ka juya shi kar gyambon kwanciya ya kama shi, ka dama kunu mai kauri don ruwa tsinkakke yana shaƙe shi, ka wanke, ka shanya, ka sake wankewa. Faisal ke yi masa wanka da canjin ƙunzugu, yana yi yana ba shi labarin fasinjoji don kar kunya ta kashe su su biyu. Masu shawara kuwa ba a magana. Wannan ya ce ƙaho, wancan ya ce nonon raƙumi, wata ta kawo wani mai a kwalba ta ce daga Agadas aka zo da shi, warinsa kaɗai ya kori kyanwarmu. Na karɓa duka na gode, na jera su a saman firiji.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ke cin raina. Gwaggo ce ta fito da shi fili wata rana muna tsinke zogale a kicin. Ta ce, "Hindatu, idan ƙanena ya cika da wannan yaren a bakinsa fa? A Makka? Mutum ya yi shekara hamsin yana ganin hasumiyar Harami daga rufin gidansa, kalmarsa ta ƙarshe ta zama ta ɗan wasan Nasara?" Ta sa gefen mayafi ta share ido. Ni ma abin da ke hana ni barci ke nan. Na daina roƙon ya tashi ya yi tafiya. Abu ɗaya nake roƙo, Allah ya ba shi ikon furta kalmar shahada kafin ya tafi.

Daga ranar Gwaggo ta kafa doka. Ta kwashe kaset-kaset ɗin Baba ta ƙulle a buhu, ta ce kar a sake kunna wannan mutumin a gidan. Duk wanda ya zo dubiya sai ya zauna a gefen gado ya yi ta maimaita masa shahada, da ƙarfi, kamar kurma ake wa magana. Baba ya kafe su da ido, leɓensa na rawa, kafin ya motsa sun sake farowa. Daga ƙarshe sai hawaye, ko kuma Turancin ya ɓarke, masu dubiya su fita suna girgiza kai. Har ta kai da an fara kalmar sai ya juya fuska bango. Ina jin gani yake ana gaya masa yau zai mutu.

Wata rana da azahar ya ƙi kunu, ya ƙi kwanciya, sai nishi yake. Gwaggo ba ta zo ba. Na rufe ƙofa na ɗauko waya na nemo masa Mutuminsa. Abin da ya fito wata hira ce da aka yi da shi a ƙarshen rayuwarsa, da fassarar Larabci a ƙasa. Ban taɓa ganin ta ba. Sai ga mutumin nan mai cika zaure ya zama ɗan tsoho a kujera, gefen bakinsa a sauke, daidai irin na Baba. Ashe shi ma ciwon ya same shi. A hankali yake bayani cewa kalmomin suna nan a ciki ba su tafi ko'ina ba, farawa ce ba ya iyawa. Wata abokiyar aikinsa ta shekaru ce ta gano dabara. Sai ta faɗi farkon jimla ta yi shiru, ta jira shi komai daɗewa, shi kuma ya ƙarasa. Ya ce abin da ya fi wuya shi ne a samu mai iya jiran, don mutane tausayi ke sa su ƙarasa maka. Da wannan dabarar ya sake hawa dandamali sau ɗaya kafin ya yi ritaya.

Na ajiye wayar. Baba yana kallona, ina kallonsa. Na ce, "Bismillahir..." na kama bakina.

Shiru ya yi tsawo har na ji ƙarar firiji. Harshena yana ƙaiƙayi in ƙarasa. Na danne shi da haƙori. Leɓen Baba ya yi ta kokawa.

"...Rahmanir Rahim."

A shaƙe ta fito, a karkace, amma muryar Baba ce, tasa ta gida. Na zube a ƙasa ina kuka ina dariya. Na ce, "Sannu da..." ya ce, "...aiki." Na ce, "Ina..." ya ce, "...kwana," alhali rana tsaka ce, ban damu ba. Da Faisal ya shigo da yamma na ce ya tsaya ya ji. Na nuna shi na ce, "Baba, Faisal sarkin..." Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "...barci." Ƙaton direba ya durƙusa ya kifa kai a cinyar ubansa yana ta kuka kamar yaro.

Da muka koma ganin likita na ba shi labari, ya ce ai sanannen abu ne, masu koyar da magana suna amfani da shi. Raina ya ɓaci. Na ce to me ya hana a gaya mana tun ranar sallama? Ya ce an rubuta mana ganin mai koyar da magana. Gaskiya ne an rubuta, sai dai layin ya yi nisan da har Baba ya rasu bai zo kanmu ba.

Fatiha ta dawo ta wannan hanya, aya-aya, ni da farko shi da ƙarshe. Ƙulhuwallahu ta dawo. Amma shahada ta ƙi. Da na ce "La'ilaha" sai ya runtse ido ya juya bango, jikinsa na ɓari. An riga an tsorata shi da ita. Na gwada da safe, na gwada bayan wanka, na gwada cikin wasa, abu ɗaya ne. Na haƙura na bar ta, zuciyata kuwa ba ta haƙura ba.

Koya wa Gwaggo shiru ya fi jinyar wuya. Sai ta fara, kafin ka ƙifta ido ta ƙarasa da kanta, ta ce ai ya daɗe. Da na gaji na faɗa mata inda na samo dabarar, na shirya shan faɗa. Ta ɗaure fuska ta ce in nuna mata. Ta riƙe wayar nesa da ido tana kallon tsohon yana fama da bakinsa, ina fassara mata. Can ta ce, "Allah sarki. Shi ma ya sha jiki." Ta tambaya ko yana da rai, na ce ya mutu shekarun baya. Sai ta ce, "Ashe dai mutum ne." Washegari ta dawo da buhun kaset-kaset ɗin ta ajiye a bayan ƙofa.

Ciwon ya dawo a farkon Sha'aban. Aka kai shi asibiti nan take wannan karon, likitoci suka yi abin da za su iya, suka ce mu kai shi gida ya kasance cikin iyalinsa. Ya daina cin komai. Turancin ma ya ɗauke. Wata Laraba bayan la'asar numfashinsa ya canza, duk wanda ya taɓa zama da mai cikawa ya san wannan sautin. Ɗaki ya cika da maƙwabta, kuma kamar an ba su umarni suka ɗauki shahada gaba ɗaya, murya a kan murya. Na ga idon Baba yana yawo a firgice. 

Gwaggo ce ta miƙe. Ta ɗaga hannu ta ce, "Kowa ya rufe mini baki." Aka yi tsit. Ta zauna a bakin gado, ta ɗauki kansa ta ɗora a cinyarta, ta shafa masa goshi.

"Ashiru, ni ce Yaya. Ba inda za ni. Ba sauri muke ba."

Ta sunkuya, a hankali kamar mai lallashin jariri ta ce, "La'ilaha..." Sai ta sa tafin hannunta ta toshe bakinta da shi.

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Wata mata a bayana ta ja numfashi za ta ƙarasa, Faisal ya juya ya dube ta, ta haɗiye. Hawayen Gwaggo suna bin bayan hannunta suna ɗiga, ba ta cire hannun ba. Baba bai juya bango ba. Yayarsa yake kallo. Leɓensa ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa.

"...illallah."

Mu uku da ke kusa ne kawai muka ji. Bai sake cewa komai ba, kafin a kira magariba ya cika. Aka yi masa salla a Harami da asuba.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya saka wa duk wanda ya taka ya zo. Ku kuma masu tsofaffi, in baki ya karkace ko magana ta rikice, ku kama hanyar asibiti a wannan sa'ar, ku yi addu'arku a mota. In kuma Allah ya kai ku gefen gadon wanda harshensa ya ɗaure, kar ku cika masa kunne. Ku fara masa, ku yi shiru, ku jira shi.